Saniyar Bango

A shekarun da ake aikin dam na Bakolori, samarin Talata Mafara sun watse neman aiki, shaguna da dama a bakin kasuwa suka zauna a kulle. Ɗaya na mahaifina ne. Telan da ke ciki ya koma tuƙin tifa. Baba mahauci ne, yana kuma dillancin shanu, ya ce fatu zai zuba a ciki. Ni kuwa saurayi ne da zane ya shiga raina, na roƙe shi ya bar mini.

"Zuwa ran kasuwa," ya ce. "In ban ga abin kirki ba, ka kwashe gwangwanayen fentinka."

Na samo ragowar fenti wurin masu zanen manyan motoci, na cika bango da sabon ruwan dam yadda na gan shi daga wajen Maradun, shuɗi, rana tana narkewa a cikinsa. A gaɓa na tsayar da wata budurwa da na taɓa hangowa a tashar Bakura. Zuciyata duk a gyalenta na zuba. Da kusurwa ta rage, na cike ta da saniya.

Ranar Talata na wangale ƙofa. Ba wanda ya dubi budurwata. Makiyayan Gidan Goga suka yi cincirindo a gaban saniya.

"Kai ɗan mahauci," in ji wani dattijo, "wagga gudali ta ko rahaji?"

Ashe na ba ta farin jikin gudali, na ɗora mata dogayen ƙahonin rahaji. Dariya ta ɓarke, gardama ta kaure, har da masu shafa tozonta.

Ana cikin haka Baba ya iso. Dattijon ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"Alhaji, ban taɓa ganin irinta ba. Na taya, da ɗan maraƙi!"

Baba bai ko yi tunani ba, bakin dillali ya riga shi. "Albarka!"

Aka sake kwashewa da dariya. A kasuwarmu, wanda ya ce albarka ya ƙi sayarwa ke nan. Baba ya dubi bangon, ya dube ni.

"To, na ƙi tayi gaban mutane, ina zan tara mata fatu a ƙafa? Zauna abinka."

Kafin damina, mai zanen ƙwarya ta buɗe shagon da ke damana, wani baduku ya shiga na hagu.