Goggo Ta Auna Mota da Tef

Shekara talatin Goggo tana ɗinki a shagon da ke ƙasan benenmu, kuma ba ta taɓa sa almakashi a yadi ba tare da ta auna ba. Ranar da ta tashi sayen mota, ƙannenta biyu, Babana da Baffa, suka raka ta wurin dillali, kowa da nasa ilimin.

Babana ya ce sai mai babban inji, wadda in ka taka ta za ta amsa. Baffa ya ce ina, ƙaramin inji dai, wanda ba ya zuƙar mai kamar rijiya. Suna can sun cusa kai cikin bonet suna musu, Goggo ta zagaya bayan wata 'yar guntuwar mota, irin wadda ake ɗaga ƙofar bayanta sama. Ta zare tef daga wuyanta, ta auna faɗi, ta auna tsawo.

Babana ya ce, "Yaya, injin fa a gaba yake."

Ta ce, "Na sani. Keken ɗinkina kuma a baya zai zauna."

Ta sa dillali ya tayar da motar, ta ɗora tafin hannu a jikinta, ta lumshe ido yadda take sauraron kekenta. Can ta ce, "Wannan ba ta tsallake ɗinki. Ita nake so."

Shekara bakwai ke nan tana zuwa gidajen masu ba ta ɗinki da kekenta a bayan motar. Duk ranar da babbar motar Babana ta kwana wurin bakanike, a 'yar guntuwar nan za ka gan shi, gwiwa a haɓa.