Akwatin Kifin Malam Kamaruddeen

Duk wanda ya yi noma a Kukar Bube, wani ƙauye da ke gabas da Ɗanbatta, ya san Malam Kamaruddeen malamin gona. Dogon mutum ne siriri, mai tafiya a ɗan sunkuye kamar kullum yana neman wani abu da ya faɗi a ƙasa. Ba ɗan garin ba ne, aiki ne ya kawo shi. Mahaifinsa masunci ne a bakin wani dam can arewa, kuma a cikin kwalekwale ya yi wayo. Da ya samu shiga makarantar koyon aikin gona, ɓangaren kiwon kifi ya karanta, yana sa ran za a tura shi inda ruwa yake. Sai aka turo shi Kukar Bube, inda gona ke manne da gona iya ganin mutum, babu daji balle kogi, sai kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini. Ya ce zai ɗan taɓa aiki ya nemi canji. A nan ya auri matarsa Aina'u, a nan suka haifi 'ya'ya mata, a nan suka aurar da su, canjin bai zo ba.

Ofishinsa ɗaki biyu ne na bulo a bakin hanya. A farkon zuwansa wurin yana da rai. Ana sauke taki, ana raba iri, manoma na cika ƙofa tun safe. Sannu a hankali komai ya ja baya. Taki ya koma hannun 'yan kasuwa, abokan aikinsa suka watse ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga shi sai Baba Sama'ilu maigadi, wani dattijo mai yawan cin goro. Duk da haka Malam bai taɓa fashin buɗe ofis ba. In damina ta faɗi yakan hau tsohon babur ɗinsa ya zaga gonaki, ya duba gyaɗa, ya buɗe zuciyar masara ya nemi tsutsa. In rani ya yi sai zama.

Wata ranar kasuwa, yana dawowa daga Ɗanbatta, ya yi karo da jaki ɗauke da mangalar taki. Jakin bai fito a guje ba, a gefen hanya yake tafiya abinsa. Malam ne bai gan shi ba sam. Ya kurje gwiwa, ya ba mai jakin haƙuri, ya tura babur har gida. A ransa ya san ba yau abin ya fara ba. Ya daɗe yana tuntuɓe da buta, yana wuce mutane ba gaisuwa har wasu suna cewa ya fara girman kai. Abin da ke gabansa yana ganinsa tar, amma na gefe sai ya juya kai.

Aina'u ce ta matsa masa har ya je asibitin ido a Kano. Likita ya haska, ya auna, sannan ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya yi nisa.

"Ba yanar ido ba ce da ake cirewa?" in ji Malam.

"Ba ita ba ce, Baba. Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu, iyakarsa ke nan."

Da ya fito bai nufi tasha ba. Ya yi ta tafiya a ƙasa bai san inda za shi ba, har ya tsaya a ƙofar wani kanti inda aka ajiye akwatin gilashi cike da ruwa. Jajayen kifaye ne a ciki suna kewaya furannin roba, wani ɗan inji yana ta hura musu iska. Ya daɗe a tsaye har mai kantin ya leƙo ya tambaye shi ko saye zai yi. Ya ce a'a. A cikin mota, a matse tsakanin buhuna da mutane, ya yi ta tunanin cewa rabonsa da ya zauna ya kalli kifi yana iyo tun yana saurayi, kuma in bai yi yanzu ba, ba zai ƙara yi ba.

A Ɗanbatta akwai wani mai yankan gilashin taga, Habibullah. Malam ya kwatanta masa da hannu: tsawon kamu ɗaya da rabi, zurfi kamu guda. Habibullah ya yanka, ya manne da farin gam, ya ce a bar shi ya bushe sosai kafin ruwa ya taɓa shi. Malam ya rungume akwatin a cinyarsa a cikin mota kamar jariri, ya kawo shi ofis ya ɗora a kan teburin da ke gefen taga.

Baba Sama'ilu ya zagaya teburin yana kallo. "Malam, wannan fa? Ofishin da ko wutar lantarki babu?"

"Wannan ba ya son wuta, Baba. Wa yake kunna wa kududdufi inji?"

Ya ɗebo baƙar ƙasa daga fadama ya shimfiɗa a ƙasan akwatin, ya rufe ta da yashin da ya wanke har ruwansa ya fita fari. Ya naɗe wando ya shiga kududdufin bayan gari ya tsinko ciyayin da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa, da 'yar kainuwa kaɗan. Ya zauna yana bin ganyen ɗaya-ɗaya da yatsa yana cire katantanwa, don ya san su ke ɗauke da tsargiya. Ya dasa ciyayin, ya kifa faranti a kan yashi, ya riƙa tsiyaya ruwan rijiya a kai a hankali don kada ƙasa ta tashi. Sannan ya bar shi haka, ba kifi, har ciyayin suka kama.

Karon farko bai yi nasara ba. Zumuɗi ya sa ya zuba 'ya'yan karfasa, kifin da ya fi sani tun yana yaro. Kafin wata ya ƙare sun tone yashin, sun cinye ciyayin, ruwan ya koma kamar kunu. Ya kwashe su ya mai da kududdufi, ya wanke komai, ya sake daga farko. Wannan karon ƙananan kifaye ya samo, waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, irin masu cin 'ya'yan sauro. Ya ja teburin nesa da hasken rana kaɗan. Ruwan ya kwanta ya yi garau. Ciyayin suka miƙe har sama, da hantsi kuma sai ka ga ƙananan kumfa suna tashi daga jikin ganye.

Abincinsu ɗan garin ƙuli-ƙuli ne, abin da yatsa biyu za su tsinka, shi ma ba kullum ba. In ruwa ya ragu a ƙara kofi ɗaya ko biyu. In kainuwa ta rufe sama a rage ta. Da gangan Malam ya tsara shi haka. Ya san lokaci na zuwa da ba zai iya yi masa komai ba.

Ya ja kujerarsa ya ajiye a gaban akwatin. Nan yake wuni, fuskarsa dab da gilashi. Manoman da suka daina zuwa ofis suka fara leƙowa, wani ya ce a ba shi ya soya, a yi dariya. Amma abin kallo ne na 'yan kwanaki, suka saba, suka daina. A gida Aina'u ta ce, "Malam, ɗan ganin da ya rage maka a kan kifi za ka ƙarar da shi?"

"To a kan me zan ƙarar da shi, Aina'u?"

Ta juya ta ci gaba da tankaɗe, yana jin tana jan hanci.

Ganin ya ci gaba da tsukewa. Da farko yana ganin akwatin gaba ɗaya, daga baya sai rabi, daga baya sai ya bi kifi ɗaya da kai, in ya ɓace masa ya jira wani ya gitta. Maganin ɗigawa wani watan a samu, wani watan babu. Ya jingine babur. Daminar da ta biyo baya bai zaga gona ko ɗaya ba. Da labari ya kai sama, aka kira shi aka ce ya ajiye aiki ya huta. Bai yi musu ba.

Ranar da zai bar ofis ya tsaya da Baba Sama'ilu a gaban teburin, ya maimaita masa komai har dattijon ya gaji.

"Kada ka cika musu abinci. Kada ka wanke yashin. In ka ga wani abu ya canza, ko kaɗan ne, ka zo ka faɗa mini."

"Ka tafi da shi gida mana, Malam."

"In ɗaga shi ƙasar ta tashi, komai ya lalace. Kuma in kai shi gida in kalle shi da me?"

Ya koma zaman zaure. Aina'u ta ƙara yawan ƙuli-ƙulin da take yi na sayarwa, 'yar gonarsu kuma surukinsu ya karɓa yana nomawa. Malam yana zaune a kan tabarma da carbi, kunnensa na kan hanya. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba Sama'ilu yakan biyo.

"Yaya mutanen namu?" Malam zai tambaya tun kafin a gama gaisawa.

"Lafiyarsu ƙalau. Wallahi Malam ka iya aiki. Ko taɓa shi ba na yi. Wancan makon ma na manta ban ba su komai ba, ko a jikinsu. Har sun hayayyafa."

"Ruwan bai yi kore ba?"

"Garau yake."

"Ciyayin fa, ba su ruɓe ba?"

"Sai ma ƙaruwa."

Malam sai ya ce alhamdulillahi. Baba Sama'ilu yana tafiya da murna, a zatonsa ya kawo labari mai daɗi. Aina'u kaɗai ta lura cewa duk ranar da aka kawo wannan labari Malam ba ya cin tuwo sosai. Wata rana ta tambaye shi. Sai ya ce, "Na ɗauka wata rana zai zo ya ce mini an samu matsala, in tashi in je."

Sau ɗaya ya koma ofishin. Baba Sama'ilu ne ya riƙe masa sanda suka taka a hankali. An kawo sabon malamin gona, Ja'afaru, mutum mai ladabi da ke zuwa daga Kano ranar da ya samu dama. Ya tashi ya ba Malam kujera, ya ce akwatin ne abu ɗaya da ke sa shi jin daɗin zama a ɗakin. Malam ya lalubi bakin gilashin, ya naɗe hannun riga, ya tsoma yatsunsa. Ruwan da sanyi. Saiwar kainuwa ta shafi bayan hannunsa. Ya tsaya cik bai motsa ba, har wani ɗan kifi ya zo ya ɗan tsunkule shi a yatsa ya gudu. A gabansa babu abin da yake gani sai wani haske-haske mai launin toka a inda taga take.

"Kainuwar ta yi yawa," ya ce. "A rage."

"To, Baba, za a rage," in ji Ja'afaru.

Ya goge hannunsa a jikin riga, ya ce a mai da shi gida.

Bayan girbi Baba Sama'ilu ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suka zo suka ɗauke shi zuwa garinsu. Daga nan labarin akwatin ya yanke. Ja'afaru bai san gidan ba, Malam kuma bai aika a tambaya ba. Aina'u ta ce za ta sa surukinsu ya leƙa ya gano, ya ce ta bari.

Yanzu in ka bi ta layin masallacin Kukar Bube da hantsi za ka same shi a zaure, ya ƙara ramewa, gemunsa ya yi fari fat. Jefi-jefi wani manomi yakan tsaya ya miƙa masa ganyen wake ko na gyaɗa, ya shafa, ya shinshina, ya faɗi abin da yake zato, ya ce amma a nuna wa mai ido. Yawancin ranaku ba mai tsayawa. In azahar ta yi Aina'u ta kawo masa buta, ta juya shi ya fuskanci gabas, ta koma cikin gida wurin suyarta.