Wayar da Ta Ƙi Wuta

Na ga damina da yawa, wasu sun shige kamar ba a yi su ba. Amma yinin da munka yi a maƙerar gidanmu a kan wata 'yar waya, wannan kam ba za ni manta da shi ba har a rufe ni.

A Tsamaye ne, shekarar da ɗana na biyu ya rasu. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, da gonar wake guda, da famfon feshi irin wanda ake goyawa a baya. Matar nan ba ta koma gidansu ba bayan takaba. Ta ce ita za ta riƙe marayunta da gonar ubansu, kuma ta riƙe. Ita ta yi shuka, ita ta yi noma. Wake ya yi yaɗo, ya yi fure, sai tsutsa ta faɗa masa. Wanda ya san wake ya san kwana uku sun isa fure ya zube ƙasa.

Anka ɗauko famfo, anka zuba magani, anka yi ta tuƙawa, magani na ɗiga kamar hawaye. Ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba, shi ne maƙerin unguwarmu. Ya kwance famfon a gabanmu, ya zaro wata murɗaɗɗiyar waya da ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba. Sifirin suke ce mata. Ita ke danne ƙofar iska a ciki, in an matsa ta ta lotsa, in an sake ta ta dawo. Magani ya cinye ta da tsatsa, tana taɓuwa ta rabe biyu. Aro kuwa babu, kowa na fama da tasa tsutsar.

Wani maƙwabcinmu mai fatauci tsakanin Isa da Nijar ya ba mu waya fara tas, kamu biyu, daga cikin kayansa. Ya ce irin ƙarfen kwanon silba na gaske ce, ruwa bai cin ta, magani bai cin ta. Yana fita zaure ya waiwayo ya ce, “Wanda ya ba ni ya ce kada a nuna mata wuta.”

Ɗana ya yi dariya. “Alhaji, kai dai san kan awo. Ƙarfen da bai san wuta ba, ba a haife shi ba tukuna.”

Fatauci ya tafi da Alhaji a ranar, hanya kuma ba ta biyuwa kullum a lokacin. Ke nan abin da ke hannunmu shi ke nan.

Da hantsi anka hura wuta. Wayar tana da taurin kai, ka lanƙwasa ta ta miƙe ta mare ka. Sai ɗana ya yi mata abin da ubansa da kakansa ke yi wa ƙarfe. Ya sa ta a gawayi ta yi ja, ya naɗe ta a jikin ƙusa, ta naɗu sumul, ya tsoma ta a ruwa ta yi cuu. Haka ake ba wuƙa ƙarfi, haka ake ba lauje. Ya ɗauko ta ya matsa da yatsu biyu. Ta lotsa, ta zauna a lotse. Ko motsi.

Ya ce ruwan ne ya yi ɗumi. Anka kawo na randa. Ya yanki wani guntu, ya ƙara zuga wuta, ya sake. Ta biyu ta fi ta farko laushi.

Ni kuwa na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa zaure, in koma bakin murhu ba tare da na ɗora komai ba. Surukata ta je gona ta dawo har sau biyu. A na biyun ta kwance bakin zanenta ta zube mini furen wake a tabarma, kowane da huda. Ba ta yi kuka ba. Tun rasuwar mijinta ban ga hawayenta ba, kuma a lokacin ina yaba mata da hakan. Ta ce, “Inna, gobe war haka babu abin fesawa.” Ta juya ta sake nufar gona, ban san abin da za ta yi can ba, ita ma ba ta sani ba.

Na je bakin maƙera na tsuguna, abin da ba na yi. A wurinmu uwa ba ta tsayawa hira da ɗan fari, balle ta sa masa baki a sana'a. Na tsinci guntun da ya lalace a ƙasa, don hannuna ya samu abin yi. Ina lanƙwasawa ina miƙewa, hankalina na can gona. Da fari kamar zaren rama. Can sai na ji yatsana na zafi. Na duba. Daidai inda nake ta lanƙwasawa ya ƙi, ya yi tauri, sai gefensa ke ba da kai. Na koma wani wurin na gwada, haka. Na matsa wa wuri guda da gangan, ya yi tauri, ya ƙara tauri, sai ƙas, ya karye.

Na ɗaga kai, na ga ya riƙe sauran wayar da awartaki, bai fi taƙi guda da rabi ba, zai kai ta wuta.

Na ce, “Kai, maƙeri.”

Ya tsaya cak. Ina jin tun yana goye bai ji na yi masa magana kai tsaye haka ba.

“Aje wayar nan.”

“Inna, rana na tafiya.”

“Na ga rana. Karɓi wanga, lanƙwasa shi.”

Ya karɓa don kunya, ba don ya yarda ba. Ya lanƙwasa sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu. Na ga girarsa ta haɗe. Ya ɗora guntun a uwar maƙera ya bubbuga shi da sanyinsa, ya gwada da yatsa. Ya ƙara bugu, ya ƙara gwadawa.

“Ikon Allah,” ya ce. “Mi ke nan? Bugu ke ba ta ƙarfi, wuta na zare mata shi.”

Na ce, “Taurin da ta zo da shi, shi muke nema. Kai ka ƙone shi.”

Ya sunkuyar da kai, ya ce, “Shekara talatin ina ƙira, yau Inna ta kore ni daga maƙera.”

“Ban kore ka ba. Naɗa.”

Naɗin sanyi ba wasa ba ne. Ya danne bakin wayar da awartaki, ya riƙa juya ta a jikin ƙusa, jijiyar wuyansa ta tashi, wayar ta yanke shi a babban yatsa. Da ya saki, sai ta ɗan warware da kanta, ta buɗe, ta fi ramin famfo faɗi. Ta ƙi shiga. Abin da ya rage bai wuce naɗi guda ba.

Ya ce, “Tana buɗewa in an sake ta. Sai abin da ya fi ƙusa siranta.”

Na tashi, ban san ƙafafuna na da sauran gudu ba. Na ɗauko masillar da nake ɗinkin buhu da ita. Ya yi bisimilla ya naɗa a kanta, a hankali, zagaye bayan zagaye. Ya saki, ta buɗe kaɗan, ta tsaya. Ya matsa ta da yatsu, ta lotsa. Ya ɗaga yatsa, ta yi tsalle ta faɗa cikin toka. Ni da shi muka durƙusa muna tonon toka kamar kaji, har na ji ta a ƙarƙashin tafina.

Bayan la'asar ya goya famfo ya shiga gona. Ina tsaye a kan iyaka na ga magani na fita kamar hayaƙi. Surukata ta dubi feshin nan, ta zauna a kan kunyar gona, ta rufe fuska da gyale ta yi ta kuka, kukan da ta riƙe wata bakwai. Wake bai tsira duka ba, amma abin da ya tsira ya kai marayu rani. Sifirin ɗin kuwa yana cikin famfon har yau, ko ɗigon tsatsa babu.

Na koyi cewa sanin da ka gada ba ya ci a kan kowane ƙarfe, kuma kunyar da za ta bar marayu da yunwa ba ta da amfani. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne guntun da ya karye a hannuna. Ina ta yaba taurinsa, ashe dab yake da karyewa. Haka na riƙa yaba wa yarinyar nan. Washegari na sa anka raba aikin gonar tsakanin gidaje uku, na ce mata ta zauna ta huta. Tun daga ranar, in na ji ana cewa wance akwai ƙarfin hali, sai in tashi in je in ga mi take ɗauke da shi.