Fuskar Kofur Sada

Ranar wata Laraba cikin damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, na dawo daga makaranta na tarar da sojoji shida tsaye a zaurenmu na unguwar Gobarau, kowanne ya fi Baba tsawo, kuma babu mai fuska a cikinsu. Na katako ne, kafinta ya yanko su da siffar mutum. Baba mai fenti ne, sana'arsa rubuta allunan shaguna da zana zakuna a jikin manyan motoci, sai ga ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ba shi aikin waɗannan, za ta jera su a bakin ofishinta can wajen GRA ranar taronta. Mamanmu ba ta so ba, tana gudun surutun unguwa kan zanen mai rai. Baba ya ce shi dai katako yake shafa wa fenti.

Ni ce mai wanke masa buroshi, don yayyena maza ƙwallo ta ɗauke musu hankali. Da na gama shara da wanke-wanke, ƙawayena na can suna carafke a ƙofar gida, ni ina tsugune cikin gwangwanayen madara da yake dama fenti a ciki. Baba yana da ƙa'ida: daga ƙasa yake farawa. Zai yi takalman duka shida, sannan wanduna, sannan ɗamara da maɓallai da igiyoyin hannu, fuska ce ƙarshe. Yakan ce, "Wanda ya fara da ido, idon ne zai yi ta kallonsa har hannunsa ya yi rawa."

Kwana biyu da fara aikin sai ga Gwaggo Hajo, wata tsohuwa da ke bayan layinmu. Ɗanta guda, Kofur Sada, ya tafi yaƙi wata ƙasa bai dawo ba, ko gawarsa ba ta gani ba. Tsofaffin sojojin sun yarda a sa wa ɗaya daga cikin gumakan fuskarsa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da hoto ɗan ƙarami, bai cika tafin hannu ba, ta miƙa wa Baba da hannu biyu. "Malam Isa, amana ce. Ba ni da wani." Baba ya sa shi a gwangwanin alewa ya ɗora can saman kantar da yake jera kayan fenti.

Ranar Asabar Baba ya tafi Batagarawa rubuta allon wata makaranta. Ni kuwa tun ina ƙarama akwai ni da karambani. Na taka benci na sauko da gwangwanin, wai in ga sojan gaske, buroshi mai koren fenti yana ɗaya hannuna. Ɗigo ɗaya ya faɗa daidai kumatun mutumin. Ban ma tsorata ba da farko, don a gidanmu duk abin da fenti ya taɓa, hannu ne ko riga ko tabarma, kananzir ne maganinsa. Na tsoma tsumma na goga, fentin ya baje. Na ƙara da ruwa, na danna da ƙarfi yadda nake yi wa gindin tukunya. Da na ɗaga tsumman, hula na nan, kafaɗu na nan da igiya biyu, amma inda fuska take ya zama fari fat. Na kife hoton cikin gwangwani na mayar.

Kwana biyar na yi ba ni da sukuni. A makaranta malamin lissafi ya tambaye ni bakwai sau uku na ce masa goma. Kullum in na dawo sai na fara duba inda fenti ya kai a jikin sojojin. Litinin yana gwiwa, Talata ya kai ɗamara, Laraba Baba yana ɗiga rawaya a maɓallan ƙirji yana 'yar waƙarsa. Na yi addu'ar ruwa ya hana fenti bushewa, na yi addu'ar a fasa taron. Ba dukan nake tsoro ba, Baba bai cika duka ba. Hannayen Gwaggo biyu nake ta gani lokacin da ta miƙa hoton.

Ranar Alhamis ya kai wuyan riga, ya ce in sauko masa da gwangwani. A kan bencin na fashe da kuka na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya wanke hannunsa, ya sa hula, ya kama hannuna. "Taho, Ummi. Ke za ki faɗa mata da bakinki." Mun same ta tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa na faɗi abin da na yi. Ta karɓi hoton ta kai shi kusa da ido, ta shafa farin wurin da babban yatsa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ɗiyar nan, mi ya kai ki?"

Baba ne ya roƙe ta ta zo ta zauna ta kwatanta masa fuskar Sada. Safiya huɗu tana zuwa zaurenmu. Ta ce launinsu ɗaya da ɗan nata, sai ya riƙa haɗa ja da baƙi da rawaya yana gwadawa kusa da damtsenta. Ta nuna masa inda tsagar gado take a gefen fuska, ya ja ta da siririn buroshi. Rana ta biyu ta ce hancin ya fi haka tsawo, ya ƙara. Rana ta uku ta ce a'a, kamar ya yi yawa, ya rage. Ina daga bayan ƙyaure ina jin muryarta tana raguwa, kowace rana shakkarta ta fi ta jiya. Da aka gama, tsofaffin sojoji biyu suka zo ɗauka, ɗaya ya ƙame ya sara wa gunkin, ya ce wallahi Sada ne sak. Gwaggo ta ja mayafinta ta koma gida.

Bayan wata uku Mamanmu ta aike ni kai mata dambu. Ta zaunar da ni kusa da ita, ta ba ni gyaɗa. "Na yafe miki tun ran nan, kar ki riƙe abin a ranki," in ji ta. "Sai dai yanzu in na rufe ido ina neman Sada, wancan na katakon ke zuwa."

Yau babu mai kawo irin wannan aiki, inji ke buga hoton soja a leda kafin a gama shan shayi. Baba ya ajiye buroshi tun da hannunsa ya fara karkarwa, Gwaggo Hajo ta daɗe da rasuwa, gumakan kuma na ji gara ta cinye su. Wayata cike take da hotunan 'ya'yana, har sai na goge wasu kafin in ɗauki sabo, kuma duk sanda zan goge sai yatsana ya tsaya. Har yau ban sani ba ko fuskar da aka zana a zaurenmu ta Sada ce.