Ba-Zama da Wutar Kifinsa

Mijin yayata ya yi shekara talatin da huɗu a gidan waya yana rarraba wasiƙu, kuma ban san mutum ɗaya da ya taɓa ganinsa a kan kujerar da aka ba shi ba. A tsaye yake aiki, a tsaye yake shan shayi, in an kira taro yana bakin ƙofa yana sauya ƙafa. Abokan aikinsa suka sa masa Ba-Zama, sunan ya bi shi har gida, jikokinsa ma ba su san wani ba. Tun muna makarantar mishan na san shi, yana gabana da aji biyu. Shi ne mai buga ƙararrawa, don malamai sun lura in ba a ba shi dalilin tashi ba, zai tashi ba dalili. A can aka koya mana karanta abin da ke rubuce a jikin kowace kwalba kafin a buɗe ta, kuma har yau ko kwalin ashana ka miƙa masa sai ya juya bayansa ya karanta.

Da ya yi ritaya gida ya yi masa kaɗan. Suna zaune a saman wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo, matakala goma sha tara daga tsakar gida. Yaya ta ce akwai ranar da ya sauka sau goma sha ɗaya: sayen sabulu, duba ko an rufe famfo, tambayar telan da ke ƙasa ko ƙarfe nawa, alhali da agogo a hannunsa. Jininsa ya hau. Likita ya ce ya nemi abin da zai zaunar da shi ko na rabin awa ne. Sai 'yarsu, wadda take aikin jinya, ta kawo masa akwatin gilashi mai tsawon kamu biyu, da tsakuwa a ƙasansa, da kifi tara. Takwas ruwan zinariya ne, ɗaya baƙi mai manyan idanu a waje. Shi Yaya ta sa wa suna Sufeto, wai kallonsa irin na mai neman laifi ne.

Abin ya yi aiki. Da idona na ga Ba-Zama ya yi minti arba'in a kan kujera yana kallon kumfar da ke tasowa daga ƙasan ruwan. Ƙafarsa tana rawa, amma yana zaune.

Kumfar nan wani ɗan famfo ne yake hura ta, da lantarki yake aiki, kuma ita ce numfashin kifin. Ba-Zama ya karanta wannan a jikin kwalin. Amma abin da ya gaya wa Yaya shi ne, "Kifin nan ransu yana hannun wuta. In aka ɗauke wuta ba na nan, ki taimaka musu."

Wata Asabar mai zafi ya tafi jana'izar wani tsohon abokin aikinsa, ya wuni. Tun hantsi aka ɗauke wuta. Yaya, baiwar Allah, ta ɗauko fitilar ƙwai ta goge ta tas, ta kunna ta dab da gilashin, ta ƙara kyandir biyu, sannan ta rufe tagogi don kada iska ta kashe su. Da la'asar muka shigo tare da shi. Falon ya yi zafi kamar tanda, kifi huɗu sun taso saman ruwa a mace, ciki a sama.

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. "Me na gani haka?"

"Ai wuta ka ce," in ji Yaya. "Ga wuta har uku."

"Ta lantarki, ke! Ba haske suke nema ba, iska suke sha!"

"Kifi na shan iska? A cikin ruwa? Shan iska ai kai ne gwaninsa, Maigida. Ka ce wuta na kawo wuta, yanzu kuma ka koma iska."

Ba wanda ya yi dariya sai bayan kwana biyu. 'Yarsu kuwa ko kusa ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta kawo halittun Allah don a gasa su ba, in aka sake rasa ko da ɗaya, za ta zo ta kwashe sauran ta kai ɗakin jira na wurin aikinta. Duk wanda ya san ta ya san ba ta faɗin magana sau biyu.

Ran Litinin aka manna takarda a bangon matakala: za a canza taransifomar unguwa, babu wuta kwana uku daga Alhamis. Ba-Zama ya karanta ta sau biyu, ya hau ya ɗauko tabarau ya sauko ya sake karantawa, sannan ya zo gidana. Tica yake kirana, don koyarwa ce aikina.

"Tica, tashi. Janareta za mu saya."

"Ka zauna mu yi shawara mana."

"A hanya."

Ya riga ya kwafo yawan wutar da kowanne yake ci daga jikin kayan: famfon iska wat biyar, abin tace ruwa wat goma sha biyu, fitilar murfi takwas. Ashirin da biyar ke nan, ko ƙwan fitilar zamanin da bai kai ba. Shagon farko mai shi ya yaye leda daga kan wani inji mai tayoyi kamar amalanke, ya buga bayansa.

"Wannan, Baba, firji, talabijin, dutsen guga, duk lokaci ɗaya. Me za ka ɗora masa?"

"Kifi."

"Au, firjin kifi? Sana'a ce ashe."

"Masu rai. Guda biyar."

Mai shagon ya dube ni ko zan ce wasa ne. Na ce masa da gaske ne. Ya mayar da ledarsa a hankali.

Shago uku muka shiga ranar, huɗu ran Talata. Kowane inji sai Ba-Zama ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, domin matakala goma sha tara ba wasa ba ce, kuma in an gama dole a hau da shi a adana. Sai ya sa a tayar ya ji ƙara, don matar telan ƙasa tana da jariri, kuma ya karanta cewa girgiza tana firgita kifi. Sai ya tambayi awa nawa cikin tanki ɗaya yake kaiwa. Wani mai shago ya ce masa akwai masu ba da wuta a daidaice, ba ta hawa ba ta sauka, su ne ba sa ƙona ƙananan kaya irin ɗan famfonsa, wannan kuma ya zama sabuwar tambaya da sai mun koma shagunan baya mun yi ta. Ni ina biye da littafi, na ja layuka huɗu da rula ina cikewa. Mai sauƙin nauyi ƙararsa ta yi yawa. Mai shiru ya fi ƙarfin ɗauka. Wanda ya cika duka sharuɗɗan, Ba-Zama ya ce bai yarda da fuskar mai sayarwar ba.

Ran Laraba da azahar, ƙafafuna sun kumbura, muka koma wani ɗan shago a ƙarshen layin masu kayan ƙarfe, karo na uku. Mai shi dattijo ne, bakanike tun asali, hannunsa baƙi da mai, ya riga ya ji labarin kifin a bakinmu. Ya bar Ba-Zama ya zagaya injinan sau biyu, sannan ya ce, "Baba, in yi tambaya? Ranar da kifin suka mutu kana ina?"

"Na fita."

"Jiya war haka?"

"Ina nan wurinka."

"Shekaranjiya?"

Ba-Zama ya sauya ƙafa.

"To ba kai za ka zaɓa ba. Wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Je ka zo da mai zaman gidan, igiyar da hannunta ya iya ja, shi ne janaretanka."

Ban taɓa ganin an rufe bakin mijin yayata da sauri haka ba. Bayan awa ɗaya ga Yaya a shagon, ta ɗaure zani, ta cire awarwaro ta ba ni na riƙe. Injin farko ta ja igiyarsa, ko motsi. Na biyu ya yi tari ya mutu, ta dafe kafaɗa. Na ukun ɗan ƙarami ne ja, mai mariƙi a sama kamar akwatin tafiya, cikin masu ba da wuta a daidaice. A ja na biyu ya kama, yana gurnani ƙasa ƙasa.

"Shi ke nan," in ji ta. "Amma Malam, ka yi mini bayani dalla dalla. Kada ka ce mini wuta kawai, an taɓa yi mini haka."

Ya nuna mata inda ake buɗe fetur, da inda ake kashewa, ya ce cikin tanki yana kai awa shida, a bar shi ya huce kafin a ƙara mai. Sannan ya ɗaga yatsa. "Ba a cikin ɗaki ba, ba a baranda ba, ba a ƙarƙashin taga ba. Hayaƙinsa yana kashe mutum, balle kifi. Famfon nan iskar falonku yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Abin da kuka shaƙa shi za su sha." Ya haɗa mana da doguwar waya.

Alhamis ƙarfe takwas da minti goma wuta ta tafi. An riga an ajiye injin can ƙarshen tsakar gida, an ɗaure shi da sarƙa a jikin turken shanya, waya ta hau ta tagar kicin. Yaya ta ja, ya kama, kumfa ta dawo. Daga nan Ba-Zama ya shiga aiki. In yana sama, zuciyarsa tana wurin fetur. In yana ƙasa, tana wurin kumfa. Telan ya ce masa, "Baba, ka bar mana matakalar nan da sauranta, ba kai kaɗai kake haya ba."

Ran Juma'a da safe, Yaya tana wanki, ya yi dabara. Ya kwance sarƙar ya jawo injin ƙarƙashin tagar falo, don in ya tsaya a wuri ɗaya ya leƙa ƙasa ya ga inji, ya waiwaya ya ga kifi. Ya buɗe tagar sosai. Da na iso wajen azahar yana yi mini alfahari da wannan hikima, sai na ga duka biyar ɗin sun taru a saman ruwa suna buɗe baki. Kumfa tana tashi yadda ya kamata. Ya ƙwanƙwasa famfo, ya duba soket, ya sauka a guje, ya hau a guje.

"Komai na aiki, Tica! Komai na aiki!"

Yaya ta shigo da kwandon kaya a kai, ta ja hanci sau ɗaya. "Falon nan warin tashar mota yake." Ta leƙa taga. Ta hango injin a ƙasa. Ta sauka, ta kashe injin, ta ɗauke shi da hannu ɗaya ta mayar turken shanya, ta ja igiya. Ta hau ta rufe tagar falon ta buɗe ta baya, ta ce mu kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan mu zuba wanda ya kwana a randa. Mu biyu, tsofaffi, muna ta ɗauki ɗora da kofi da bokiti.

Huɗu suka sauka ƙasa cikin awa guda suka ci gaba da yawonsu. Sufeto kuwa ya kwanta a kan tsakuwa ta gefe ɗaya, bakinsa kawai ke motsi. Ba-Zama yana zagaya falo, ya je ƙofa ya dawo, ya ɗauki hula ya ajiye.

"In kira 'yarmu in gaya mata tun yanzu?"

"Ka gaya mata me?" in ji Yaya. "Ya mutu ne? Je ka sayo fetur, ka ba mu wuri."

Ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya wai ya manta murfin jarka. Sai da rana ta yi sanyi Sufeto ya kaɗa wutsiya, ya taso kamar tsawon yatsa, ya koma, ya sake tasowa. Asabar da safe ya ci abinci. Da yamma aka dawo da wuta.

Ran Lahadi 'yarsu ta zo da farin bokiti mai murfi, ta ajiye shi a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Ta gaishe mu, ta wuce wurin gilashin ta sunkuya, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Biyar. Ta daɗe a kan baƙin.

"Wannan me ya same shi yake tafiya a karkace?"

Ba-Zama ya buɗe baki, na ga gaskiya tana shirin fitowa gaba ɗayanta.

"Tsufa ne," in ji Yaya. "Kowa a gidan nan haka yake tafiya."

'Yar ta dubi uwarta, ta dubi ubanta da yake murza hula, ta dube ni. Ni na dubi silin. Ta miƙe ta ce, "Kawu, ko kai ma ba ka da abin cewa?" Na ce ni baƙo ne. Ta yi ajiyar zuciya, ta tambaya ko da sauran shayi.

Da za ta tafi, ubanta ne ya riƙe mata bokitin har bakin titi, yana lilo da shi, ba komai a ciki.