Ranar da Ƙarfen Motar Gawa Ya Ƙi Hucewa

Jama'a, abin da zan ba ku ba a majalisa na tsince shi ba, da idona na gani, da hannuna na taɓa, tabon ma yana nan a bayan hannuna na dama, kuma wallahi da ƙarya zan shirya da na shirya wadda ta fi wannan sauƙin yarda. Lokacin ina da gareji a wajen Ƙofar Kabuga, an kwana biyu gaskiya, don 'yata da ake goyo a lokacin yanzu tana sakandare. Ni bakanike ne, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da camfi, in ka zo min da zancen wai aljanu ne suka riƙe maka mota sai in ce to bari mu fara canza wa aljanun fulogi. Amma akwai ranar da wani guntun ƙarfe ya tsaya tsakanin wani bawan Allah da kabarinsa, tun daga ranar na rage wannan bakin.

A wata unguwa da ke gindin Goron Dutse akwai tsohuwar a-kori-kura da wani mai hali ya bayar sadaka, ba ta da wani aiki sai kai gawa maƙabarta. Ni nake duba ta, na san ta kamar yunwar cikina. Mai tuƙa ta Malam Iro ne, dattijo marar hayaniya, irin mutanen nan da in ka taka su su ne za su ba ka haƙuri.

Da damina ne, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, sai ga wayar Malam Iro. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce in zo yanzu da kayan aikina, mota ta tsaya da mutum a baya. Na bar abin da nake yi na haye babur.

Na same su a kwanar da ke zagaye dutsen, jama'a sun yi cirko-cirko, ga makara a bayan mota an lulluɓe ta da darduma. Ashe mamacin Malam Habibu baduku ne, mutumin da ya ɗinka min jakar fatar da nake zuba sifanu, ita ce ma rataye a kafaɗata a lokacin. Wai da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa, aka kai shi gida, dattawa suka duba suka ce rai ya yi halinsa, aka yi masa wanka aka sallace shi. An riga an haƙa kabari, masu haƙa suna can suna jira, kuma kowa ya san in ruwan nan ya sauko ramin zai cika.

Ina ɗaga bonet na ja da baya. Manifol, wato ƙarfen nan mai rassa da ke manne a gefen inji yana tattara hayaƙi ya miƙa wa salansa, ya yi ja jawur kamar ƙarfe a maƙera, da hasken rana ma kana ganin jansa. Na ce wa Malam Iro ya kashe injin mana, sai ya zaro makulli daga aljihu ya nuna min, ya ce tun kafin ya kira ni motar a kashe take. To ku da ba bakanikai ba, ku sani manifol yana yin ja, ba sabon abu ba ne: ko taimin, wato lokacin da wuta ke kama mai a inji, ya yi baya, ko iska ta fi mai yawa a kafireta, ko salansa ta toshe hayaƙi ya rasa hanya. Amma duk wannan sai inji yana aiki. Da an kashe, kafin ka gama shan shayi ƙarfen ya koma baƙi. Wannan kuwa tun daga Kabuga na taho na tarar da shi yana ƙara ja.

Abin da ya fara faɗo min shi ne tiyon fetur da ya bi ta kusa da wurin, na ce yau in wuta ta kama da gawa a baya ina za mu sa kanmu. Na yi sauri na cire kan batir. Na buɗe lagireto, ruwa cike, ko tafasa bai yi ba. Na dafa jikin injin, ɗumi kawai. Na duba alamar taimin, tana nan inda na bar ta da hannuna. Na shiga ƙarƙashi na ƙwanƙwasa salansa, na zura mata ƙarfe, ba ta toshe ba, bututun ma da ke haɗe da manifol ɗin kana iya riƙe shi. Na fasa ledar ruwa na ɗiga a kan kowane reshe, yadda muke yi in muna neman wanda ya fi zafi, duka suka yi cuu iri ɗaya, a nan ne hannuna ya goga na samu wannan tabon. Wani abu kuma da ban gaya wa kowa ba a lokacin: wurin ba warin ƙonannen baƙin mai yake ba, ƙamshin hayaƙin itace yake, irin na murhun tsakar gida, ga wata farar toka-toka a kan ƙarfen.

Kun san halin mutanenmu. Ina ƙarƙashin mota ina jin ƙus-ƙus, wani yana cewa wannan wace irin gawa ce da ƙarfe yake ja da ita, wani yana Allah ya sa mu cika da imani, da irin muryar nan da ka san ba addu'a ake ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don Malam Habibu bai taɓa cin zalin ko kaza ba. Yayansa Alhaji Garba ya ji, na ga fuskarsa ta sauya, ya ce a sauke makara a ɗauka a kafaɗa, ai maƙabartar ba nisa. Kuma tsakani da Allah gaskiyarsa ce, ni ma da ƙanina ne abin da zan ce ke nan.

Sai Malam Iro, mutumin da ban taɓa jin ya musa wa kowa ba, ya je ya tare bayan motar ya ware hannuwa. Ya ce, “Alhaji, don girman Allah a ɗan jira.”

Alhaji Garba ya ce, “Malam Iro, so kake a yi ta kallon ƙanina a titi ana zunɗensa? Matsa.”

Bai matsa ba. Hawaye kawai yake, yana kallona, kamar ni ne zan fitar da shi.

Ni kuwa dabara ta ƙare min, saura abu ɗaya. Mu bakanikai muna da doguwar sukundireba da muke sauraron inji da ita, ka ɗora bakinta a ƙarfe ka manna ƙotar a kunne, duk abin da ke motsi a ciki sai ka ji shi. Na ɗora a jikin injin, ina neman ƙas-ƙas ɗin nan da ƙarfe yake yi in zai huce ko in ya tsage. Ban ji shi ba. Wani abu na ji, can ƙasa-ƙasa, a hankali, dum, sai a daɗe, sai kuma dum. Na ce zuciyata ce, amma tawa gudu take kamar za ta fito, wannan kuwa ja yake kamar mai jin barci. Na matsar da sukundireba jikin ƙofa, yana nan. Na matsa gefen bodi, ya ƙaru. Na bi shi ina ɗorawa ina saurare, mutane suna ba ni hanya suna kallona kamar na zare, har na kai bakin sukundireba kan ƙafar makarar, wadda ta ƙarfe ce. Kada wani ya koya min, na san ba a jin bugun zuciyar mutum ta jikin mota. Amma na rantse da wanda raina ke hannunsa, a nan ya fi ƙarfi.

Na janye sukundireba na miƙe. Ku duba lamarin: mutum an wanke shi, an sa masa likkafani, an sallace shi, sannan bakanike da baƙin mai a riga ya ce a kwance shi a bakin titi. In ya zama ba komai, na tozarta gawa, na tozarta danginsa, kuma na gama shiga unguwar nan har abada. In kuma na yi shiru, ga mutane sun fara ture Malam Iro, ga iska ta taso, kafin magariba an mayar da ƙasa. Na je wajen Liman, wanda ya sallace shi, na rage murya na ce, Allah gafarta Malam, ina jin motsi a cikin makarar nan. Ashe Alhaji Garba yana bayana. Ya cafki wuyan rigata yana huci, ya ce ko mutuwar ma ba za a bar su su ji da ita ba. Liman ya dubi jan ƙarfen, ya dube ni, sannan ya ce, “Alhaji, sake shi. In ya cika, buɗewa ba za ta ƙara masa komai ba.”

Dattawa suka zagaye bayan motar suka baza manyan riguna don a suturta shi. Liman ya hau, ya yi bismilla, ya kwance ɗaurin kai, ya cire gilashin idonsa ya kara a hancin Malam Habibu. Shiru. Yayyafi ya fara sauka, ina jin ɗigon yana faɗawa kan manifol yana cuu, cuu, ni kuma ina ta karanto duk abin da ya zo bakina, ina jin idon Alhaji Garba a ƙeyata. Har Liman ya fara janye hannu, sai ya tsaya, ya ɗaga gilashin sama. Gilashin ya yi gumi kaɗan a gefe ɗaya. Ya goge da riga ya mayar, ya sake yin gumi. Sai kuma muka ga likkafanin ya motsa a wajen babban yatsan ƙafa.

Salati ya kaure, wasu suka zura da gudu har da barin takalma, Alhaji Garba ya zauna daɓas a ƙasa. Liman ne kawai yake cewa asibiti, asibiti. Na ruga gaba in mayar da kan batir, ina tunanin yadda za a tayar da mota da wannan zafin, sai na ga manifol baƙi. Na kai yatsa, na kai tafin hannu gaba ɗaya, sanyi ƙalau kamar gindin randa. Malam Iro ya murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya, muka juya cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Likitoci sun ce doguwar suma ce, sun kira wani suna da ban riƙe ba. Ni kuma washegari na ja motar gareji na kwance manifol ɗin na juya shi ciki da bai. Babu tsaga, bai lanƙwashe ba, ko fari-farin nan da ƙarfe yake yi in ya sha wuta babu. Tokar kawai na kakkaɓe, na murza a yatsa na sunsuna, tokar itace ce.

Da aka sallamo Malam Habibu muka je gaishe shi ni da Malam Iro, muka same shi a zaure ƙudundune cikin bargo. Ya ce yana jin komai, wankan, kukan matarsa, kabbarorin salla, amma ko fatar ido ya kasa ɗagawa, ga wani sanyi da yake hawowa daga ƙafa. Ya ce da aka sa shi a mota sai ya ga wata mace durƙushe wajen kansa, matashiya, bai san ta ba, tana ta hura wuta a murhu har tana tari, ba ta ɗago ba sai sau ɗaya. Na ce ta yi magana? Ya ce ta yi, cewa ta yi, “Yi haƙuri Malam, kai za su jira. Ni ce ba su jira ba.”

Malam Iro ya miƙe ya fita ko takalmi bai sa ba. Na bi shi na same shi a lungu ya haɗa kai da bango. Da ƙyar ya gaya min cewa motar ta taɓa yin haka sau ɗaya, tun kafin a fara kawo min ita, a wannan kwanar dai, da gawar wata mai jego a baya. Aka ce tsufan mota ne, aka sauke ta aka ɗauka a kafaɗa, shi ya zauna gadin mota. Ya ce mutane suka binne, suka dawo suka wuce shi suna yi masa sannu, ƙarfen yana nan ja. Sai can daf da magariba ya fara dushewa, a hankali, a hankali, yana zaune yana kallo har jan ya mutu.

Ni ban ce ita ba ce. Na tambayi malamai sun ce wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma na yarda, Allah ne masanin abin da Malam Habibu ya gani. Ita ma a ranarta wa ya hura mata, ban sani ba. Malam Iro bai ƙara tuƙa motar ba, Malam Habibu kuwa yana nan a rumfarsa, ko da bazara a rana yake zama, ya ce sanyin bai gama fita ba.

Shawarata gare ku, 'yan uwa, gaggauta jana'iza koyarwa ce mai kyau ba na ja da ita, amma a fara tabbatarwa. In naku ya faɗi, ku nemo wanda ya san aikin lafiya ya duba shi da kyau kafin a ɗora ruwan wanka, ba raina dattawa ba ne. Ni dai na tara 'ya'yana na gaya musu, kuma na sa sun maimaita: ranar da aka ɗora ni a bayan mota, in ta tsaya a hanya, kada wanda ya sauke ni, a jira.