Ramlatou, wadda ta ƙi yi wa na'ura ƙarya

Kowace safiya zem, wato ɗan acaɓa, yakan sauke Madam Ramlatou a ƙofar kamfanin matsar man gurya da ke hanyar Tourou. Kafin ta shiga labo, ɗakin gwaje-gwaje, sai ta bi ta sito, ta soka hannu cikin buhun ƙulin gurya, ta murza, ta shinshina. Wannan ƙuli shi ne tunkuzar da ke saura bayan an matse mai, shi 'yan tireda da mahautan Parakou da Djougou ke saye su turke raguna.

A labon akwai kwamfuta mai ba da shawara. Injiniyoyi ne suka zauna da Ramlatou, wadda ta karanta kimiyyar sinadarai, da tsofaffin ma'aikata, suka zuba saninsu a cikinta ƙa'ida bayan ƙa'ida. Sai kwamfutar ta tambaye ka danshin ƙulin, da launinsa, da warinsa, da zafin tukunya. In ta nuna kore, a fitar da kaya. In ta nuna ja, a tsare su, ta kuma faɗi dalili. Hanci ne kawai ba ta da shi. Abin da ka gaya mata, a kansa take yin hukunci.

Wata shekara da Layya ta faɗo cikin damina, Ramlatou ta dawo daga jinyar mahaifiyarta ta tarar sito na warin fumfuna tun daga bakin ƙofa. Ta duba kwamfuta, ta ga kore ne daga sama har ƙasa. Ta kira Sanoussi, shugaban masu aikin safe.

"Sanoussi, wa ya auna danshin nan?"

"Madam, ai mun gano halinta. In ka faɗa mata gaskiya sai ta yi fushi ta ja ido. In ka ɗan rage lamba, sai ku rabu lafiya."

Dariya yake yi! Sauran ma'aikatan ma suna dariya. Ashe tun tafiyarta kowa haka yake yi, da sanin patoro, mai kamfanin. Jama'a, manya da gemu, masu sallah a sahun farko, sun haɗa baki suna yi wa ƙarfe ƙarya don ya ba su fatawar da suke so. Dafin fumfuna kuwa ba a tumbin rago yake tsayawa ba, ana samunsa a hanta, hanta kuma ita ake fara gasa wa yara ranar Sallah.

A waje Alhaji Maazou, dillalin dabbobi daga Djougou, ya riga ya juyo da bayan kamiyonsa, babbar motar ɗaukar kaya, bakin sito.

"Hajiya, ki bar mu da wannan telebijin taku. Ragunanmu na garin Partago ba su iya Faransanci ba, ci kawai suka sani."

Ta debo ƙulin ta kai masa har hanci.

"Alhaji, ragon da za ka yanka a gidanka, wannan za ka ba shi?"

Ya kau da kai yana tari. "Nawa daban yake."

"To na mutane ma daban yake."

Ta koma labo, ta auna da hannunta a gaban kowa, ta shigar da lambar gaskiya. Allon ya yi jajir. Patoro ya sauko ya ce shawara ce kawai na'urar ke bayarwa, shi ke yanke hukunci. Ta ce haka ne, sai ya sa hannunsa a fitar, nata dai ba zai hau ba. Ya san kuma in ta ƙi, kujerarta ce za ta tafi. Ita ma ta sani. Hannunsa bai hau ba, kamiyo ya koma Djougou wayam, aka ƙone buhunan a bayan kamfani.

Sakayyarta? Kafin Sallah an ɗauke ta daga labo an mayar da ita rumfar sikeli a bakin ƙofa, tana auna motoci cikin rana. A can ta ƙarasa shekarun aikinta. Waɗanda suka ci naman Layya lafiya a shekarar babu wanda ya san sunanta. Da ta ajiye aiki a watan jiya, ko ruwan sanyi ba a raba ba. Wannan abin kunya ne a kanmu duka.

Ramlatou, ke ce mai hancin gaskiya. Ke ce kika san cewa na'ura ba ta ɗauke wa mutum alhaki, domin ranar hisabi ba ita za a tambaya ba. Kin rasa kujera, yaranmu sun ci hanta sun kwana lafiya. Mun gode, Allah ya biya ki da abin da kamfani ya hana ki.

Ku kuma da aka ɗora a gaban irin waɗannan na'urori, a masana'anta ko a asibiti, ku gaya musu gaskiya ko da za su nuna ja. Wanda ba zai iya ba, ya tashi ya ba mai iyawa wuri.